Akwatin Awo: Yadda Aikin Ke Tafiya da 'Yan SS1 a Gombe

Litinin, 15 ga Satumba 2025

Yau aka koma makaranta, yau kuma na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, kada zango ya ƙare in kasa tuna inda na dace da inda na kauce.

Abin da ya tayar da ni tun a jarrabawar gwaje-gwajen kemistiri ta WAEC da ta wuce ne. Akwai yaron da babu kamarsa a ajin, zai zubo maka sunayen sinadarai ashirin na farko da ka, daga haidurojin har kalsiyam, ba gargada. Ranar jarrabawa na hango shi ta taga hannunsa na rawa a kan biyuret, wato dogon bututun gilas mai famfo da ake auna ruwa da shi, don bai taɓa riƙe ta ba sai ana saura mako biyu. Wata yarinya kuma a gwajin share fage ta rubuta 24.50 ta bar shi haka tsirara. Na ce mata, "24.50 na me?" Ta ce, "Malam, ai ka gane." Na gane ɗin, amma mai duba takarda a wani gari ba zai gane mata ba, kuma idan Allah Ya sa ta zama ma'aikaciyar asibiti, majinyaci ba zai tsira da "ai ka gane" ba.

Don haka bana na ƙudurta 'yan SS1 da hannu za su shiga kemistiri kafin hadda. Duk darasin Alhamis na awo ne har ƙarshen zango. Yara 68 ne a ajin. Abin da na tarar a ɗakin gwaje-gwaje: silindar awo mai mililita 100 guda uku, biyuret biyu, fifet (siririn bututun ɗibar ruwa daidai awo) biyu, ma'aunin zafi biyu, da tsohon sikeli wanda allurarsa ta daina motsi. Na sayo sikelin kicin mai batir da kuɗina, yana karanta giram ɗai-ɗai, na kuma sayo sirinji na mililita 10 da na 20 a kemis, aka cire musu allura. Wani tela a unguwarmu ya ba ni tef biyu kyauta da ya ji abin da zan yi da su. Duka na zuba a tsohuwar akwatin ƙarfe. Yara har sun raɗa mata suna, akwatin awo.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ban buɗe akwatin ba da farko. Na ce a auna mini tsawon aji da taki. Dogon ajin ya samu 12, wata 'yar ƙarama ta samu 15, sauran suka faɗa tsakani. Aka koma teburina da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, nan ma kowa da nasa. Gardama ta kaure, kowa na rantsuwa shi ya ƙirga daidai. Na bar su suka yi ta har sai da monita ya ce, "Malam, ai ƙafafun ne ba ɗaya ba." Maganar da nake jira ke nan, kuma na fi so ta fito daga bakinsu.

Na faɗa musu kamu da taki da ɗani da gaba ba jahilci ba ne, da su kakanninmu suka yi gini suka sayar da saƙi, kuma sun wadatar muddin mai saye da mai sayarwa na tsaye wuri ɗaya. Matsalar na tasowa ne in awon zai yi tafiya. Faransawa sun sha wannan wahala, kowane gari da nasa ma'auni, har a shekarun 1790 suka ƙirƙiro mita, suka ce kashi ɗaya ce cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu, in an bi ta Faris. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita, a 1960 aka tsara abin da muke kira SI, wato tsarin awo na bai ɗaya na duniya. Tun 1983 kuma da haske ake ƙayyade mita, wato tafiyar da yake yi cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa.

Da aka fito da tef ɗin tela sai rukuni biyu suka kawo 47 da 119 a kan teburi ɗaya. Ɗaya ya karanta fuskar inci, ɗaya ta santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, suka ninka da kansu suka ga duk abu guda suke faɗa. Ban taɓa samun misalin da ya fi wannan sauƙi ba wajen nuna cewa lamba ba ta tsayuwa ita kaɗai.

Asabar, 27 ga Satumba

Na je kasuwar Tudun Hatsi da yara shida waɗanda iyayensu suka amince, da sikeli a jaka. Mun sami wani dattijo ma'auni a bakin rumfarsa, muka gaisa, na ce, "Baba, alfarma muke nema, mu auna mudunka a sikeli." Ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Malam, hukuma ce ta aiko ka?" Sai da na yi masa bayani 'yan makaranta ne kuma karatu ne, sannan ya saki jiki, har ya sa yaronsa ya shimfiɗa mana buhu.

Na daɗe ina sayen hatsi ban taɓa kallon awo da kyau irin na yau ba. Yana nutsa mudun cikin buhu, ya ɗebo, ya ƙara da tafi biyu har tsororuwa ta tashi, ƙwayoyi na gangarowa ta gefe, sannan ya tare baki da hannun hagu ya juye. Wannan tarewar da hannu ita kaɗai tana ƙara kusan cikin tafi. Da mudu guda, hannu guda, gero ya ba mu giram 1,310, wake 1,290, masara 1,240, ɓararriyar gyaɗa 1,050. Muka maimaita geron sau uku, babu biyun da suka zo ɗaya, tazarar ta kai giram 40.

Wata ɗaliba ta ce, "Baba, to wanne ne mudun gaskiya?" Ya ce, "'Yata, wanda na saya da shi, shi nake sayarwa da shi. Wanda ya saya da babba ya sayar da ƙarami, shi da Allah." Ya yi mana nasiha a kan tauye mudu fiye da yadda zan iya, ya kuma ƙi karɓar kuɗin gyaɗar da yara suka ci.

A hanyar dawowa na lura da wani abu. Mu Hausawa sayen hatsin ma "awo" muke ce masa. Yaran nan da awo suka tashi tun suna riƙe da kwanon aike, mu ne muke shigo da su aji mu nuna musu kamar baƙon abu ne daga Turai. Darasin Alhamis ya samu: mudu wurin da hatsi ya cike yake aunawa, sikeli kuma yawan hatsin kansa, shi ya sa mudun gero da na gyaɗa ba sa zuwa ɗaya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Yau kilo da santi da mili. Na rubuta a allo: kilo dubu, santi kashi ɗaya cikin ɗari, mili kashi ɗaya cikin dubu. Na ɗaga ledar ruwa na ce a karanta abin da ke jikinta, 50cl. Kullum suna sha, amma ƙalilan ne suka san santilita 50 mililita 500 ce, rabin lita.

Mun yanka kwali muka haɗa akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, muka shimfiɗa leda a ciki. Goma sau goma sau goma, dubu. Wato santimita kubik 1,000, shi ne desimita kubik ɗaya da za su yi ta gani a takardar jarrabawa, shi ne kuma lita ɗaya. Muka fasa leda biyu muka zuba, ruwan ya tsaya ƙasa da baki kaɗan. Maimakon in yi bayani sai na ce a kawo leda goma a auna. Da yake mililita ɗaya ta ruwa kusan giram ɗaya ce, sikeli ya isa. Suka fito tsakanin 470 da 505. Yaran suka yi tsit, don ba su taɓa tunanin rubutun da inji ya buga zai iya saɓa wa abin da ke ciki ba.

Inda suka fi faɗuwa shi ne mita kubik. Tunda mita ɗaya santimita 100 ce, kusan kowa ya rubuta mita kubik ɗaya santimita kubik 100. Miliyan ɗaya ne. Na fita da su gindin tankin makaranta mai lita 1,000, na ce ga mita kubik ɗaya a tsaye, jarka 40 ta 'yan garuwa mai lita 25. Yanzu wa zai ce wannan tankin zai shiga silindarmu?

Kafin a tashi na ba su labarin kumbon da Amurka ta aika duniyar Mas ya salwanta a watan Satumban 1999, saboda ɓangare ɗaya na ma'aikata ya yi lissafi da awon fam, ɗayan ya ɗauka awon SI ne. Masana ne, lambobinsu daidai, sunan awon ne ba su daidaita ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Karatun silinda. Ruwa a cikin gilas ba ya kwanciya shafal, gefensa na ɗan hawa bango, tsakiyarsa ta lotsa kamar ƙasan ƙoƙo. Ƙasan lotsawar ake karantawa, ido daidai da ita. Na zuba ruwa na kira mutum uku. Na tsaye ya leƙo daga sama ya ce 64, wanda ya tsuguna sosai ya ce 61, wadda ta durƙusa ta ɗora haɓa a kan teburi ta rufe ido ɗaya ta ce 62. Na sa kowa ya zo ya ɗora haɓarsa a wurin. Layin ya ci mana rabin darasi, ban yi nadama ba.

Cikin turereniya silinda ɗaya ta faɗi ta fashe. Yaron ya tsaya jikinsa na ɓari yana jiran bulala. Na ce ya ɗauko tsintsiya, kada kowa ya taɓa gilas da hannu. In na doke shi, ba wanda zai ƙara yarda ya riƙe kayan gwaji a ajin nan, mu koma inda muka fito. Saura biyu.

Don rage cunkoso kowane rukuni ya yi nasa ma'aunin: gorar roba a kan sikeli, a zuba ruwa giram 100 a ja layi, a ƙara 100 a ja, har 1,000.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Harshe ya ba ni aiki yau. Abu biyu ne a kimiyya, mu kuma kalma ɗaya muke da ita, nauyi. Akwai yawan abin da ke jikin abu, wanda ake aunawa da kilogiram, akwai kuma ƙarfin da ƙasa ke jansa da shi, wanda ake aunawa da niyuton. Muka yi yarjejeniya a aji, na farko "nauyin jiki", na biyu "jan ƙasa". Buhun simintin Ashaka kilo 50 ne a Bajoga, kilo 50 ne in an kai shi duniyar wata, ba ƙwayar da ta ragu. Amma a can jan bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba, ɗan ƙaramin ajin nan zai saɓa shi.

Wani ya tambaya, "Malam, to wa ya ce kilo ɗaya kilo ɗaya ne?" Tambayar ta yi mini daɗi. Daga 1889 kilo wani ɗan curin ƙarfe ne na filatinam da iridiyam, tsayinsa bai kai santimita 4 ba, a kulle ƙarƙashin murafan gilas a wani gari kusa da Faris. Duk sikelin duniya, har na mahauta a babbar kasuwa, a lokacin in ka bi salsalarsa can zai kai ka. Da aka ga shi da kwafe-kwafensa suna ɗan saɓawa da tafiyar shekaru, sai aka sauke shi ranar 20 ga Mayu 2019, aka ɗora kilo a kan wata lamba ta halitta da ba ta canzawa, lambar Planck. Ban shiga zurfinta ba, ba lokacinta ba ne.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Wannan ranar ba zan manta da ita ba.

Darasin densiti ne, wato yadda abu ya danƙare: nauyin jiki a raba da wurin da ya cike. Mun fara da ruwa-ruwa. Mililita 100 ta ruwa ta ba mu giram 100, ta man gyaɗa 91, ta kananzir 80. Nan take suka gane dalilin da mai ke tasowa saman miya. Sannan na raba wa kowane rukuni guntun ƙarfe da na tsinto a wurin 'yan gwangwan, su auna a sikeli, su jefa a silinda su ga yadda ruwa ya hau.

Rukuni na biyu sun sami noti mai giram 47, ruwa ya tashi daga 50 zuwa 56. Suka kawo mini 7.833333, duk abin da kalkuleta ta nuna sun kwafe. Na ce, "Silindarku tana ganin kashi ɗaya cikin miliyan?" Suka ce a'a. "To wa ya ba ku waɗannan ukun-ukun?" Sikelinmu giram yake gani, silinda mililita. Wanda ya auna da su ba shi da bakin faɗin abin da ya wuce 7.8, ita ma takwas ɗin da 'yar shakka. Na ce musu lambar da za ka iya tsaya mata a gaban alƙali ita kaɗai za ka rubuta. Da wannan suka kama abin da littafi ke cika shafi uku a kansa.

Sai rukuni na biyar suka miƙo takarda, 7.87, tsaf kamar yadda yake a littafi. Na duba da kyau, ƙarƙashin lambar takardar ta yi baƙi-baƙi, an goge har ta kusa hujewa. Na ɗaga ta ga hasken taga, na hango 22 da 8 da 2.75. Na ce, "Wa ya goge?" Shiru. Can wata yarinya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce a hankali, "Malam, mun auna sau uku yana ba mu haka. Muka ga littafi ya ce ƙarfe 7.87 ne, muka ce mu ne muka yi kuskure."

Guntun da na ba su hannun tsohuwar tukunyar alminiyam ne, densitinsa 2.70. A bakinmu duk ƙarfe ne, amma ba baƙin ƙarfe ba ne. Yaran nan sun auna daidai har sau uku, sun gano da hannunsu cewa abin da ke gabansu daban yake, sannan suka goge gaskiyar suka rubuta abin da suke zaton ina so.

Ban yi musu faɗa ba, don raina ba a kansu ya ɓaci ba. Mu malamai muka koya musu haka tun firamare: amsa na bayan littafi, wanda ya zo da ita ya ci, wanda ya zo da wata a ja masa jan biro. Ni kaina na yi shekaru ina yin maki a haka. Na kira ajin duka, na rubuta 2.75 a allo da manyan baƙi, na ce wannan ce amsa mafi kyau da aka samu yau, na faɗi dalili. Na miƙa wa yarinyar noti da hannun tukunyar, ɗaya a kowane tafi. Ta jinjina su, ta ɗago kai ta ce, "Wallahi Malam tun farko na ji bai da nauyi."

Daga yau doka: da biro ake rubuta awo, ba fensir. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa, ka rubuta sabo a gefe. Maki kuma na raba shi, kaso mafi yawa na awon da aka rubuta da sunan ma'auninsa ne.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Zafi. Na sayo ƙanƙara a wurin masu sanyi, muka daddaka muka zuba ruwa kaɗan, ma'auni ya sauka ya tsaya a sifiri. Muka ɗora tukunya a risho. Ruwa na tafasa yana ɓararraka, jan layin ya hau ya tsaya tsakanin 98 da 99, ya ƙi gaba. Aka sa ɗayan ma'aunin, shi ma haka.

Na yi shiru ina zagayawa in ga me za su rubuta. Rukuni bakwai cikin takwas sun rubuta abin da suka gani. Na biyar har sun ƙara a gefe: "Littafi ya ce 100, mu ba mu samu ba." Sai na yi bayani. Digiri 100 na wanda ke daidai da bakin teku ne, irin Legas. Gombe na kan tudu da ɗaruruwan mita, iskar da ke danne ruwan ta fi sauƙi, sai ya tafasa da wuri. A Jos ma ya fi haka sauka.

Kelbin, awon zafi na SI, bai ba su wuya ba, a ƙara wa digiri 273 kawai, ko 273.15 in ana son ƙwaƙƙwafi. Zafin jikin mai lafiya digiri 37, kelbin 310. Na gargaɗe su tun yanzu, in mun zo dokokin iskar gas duk wanda ya sa digiri a gurbin kelbin lissafinsa ya rushe.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Makon jiya gwajin tsakiyar zango ya cinye darasin. Yau kuma batirin sikeli ya mutu, ba a sami irinsa ba sai bayan an tashi. Hunturu ya fara, iska na shigowa ta tagar da ba gilas. Na gwada da yamma na ga lamba na rawa in iska ta buso, na yanka kwali na yi wa sikelin shinge. Na sayi batir huɗu na ajiye a akwati.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Mol, abin da ke korar yara daga kemistiri. Na zo da mudun wake na ce a ƙirga mini ƙwayoyinsa kafin a buga ƙararrawa. Suka yi dariya. Na ce akwai sikeli. Bayan 'yar muhawara wani ya ƙirga 100 ya ɗora, giram 20. Mudun duka giram 1,300. Ƙwaya wajen 6,500 ke nan, ba wanda ya ƙirga, kuma ba wanda ya yi musu.

Na ce to haka masu kemistiri ke yi da ƙwayar zarra, wadda ba ido ba hannu da zai ƙirga ta. Kamar yadda dozin 12 ne, bandir ɗin kuɗi takarda 100, mol ma sunan adadi ne, sai dai adadin ya wuce hankali: 6.022 sau goma mai ƙarfin 23. Na rubuta shi da sifirinsa duka, ya ci allo daga gefe zuwa gefe. Na zuƙi ruwa mililita 18 a babbar sirinji na ɗaga sama. Mol ɗaya na ruwa ke nan, giram 18, bai kai kurɓi biyu ba. Na auna gishiri giram 58 da 'yan kai a murfin kwalba, shi ma mol ɗaya. Sirinjin ta zaga aji hannu zuwa hannu, wasu na ɗaga ta ga haske kamar za su hango ƙwayoyin.

Daga nan na kawo ledar ƙarin ruwa da babu komai a ciki, an rubuta 0.9% a jikinta. Gishiri giram 9 a lita ɗaya, in an raba da 58.5 ya ba da mol 0.154. Na ce mu haɗa mai irin wannan ƙarfin, don koyo kawai, na nanata ba na sha ba ne balle na jiki, na asibiti da tsabtar da ba mu da ita ake yin sa. Monita ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, sikelin nan zai iya kuskuren giram ɗaya. Ɗaya cikin tara ai da yawa." Wata biyu da suka wuce ba mai wannan tunanin a ajin. Na ce to mene ne mafita? Aka daɗe. Yarinyar hannun tukunya ce ta ce a auna 90, tunda ɗaya cikin casa'in ba komai ba ne, a narka a cika lita, sannan a ɗebi mililita 100 a ƙara ruwa har lita. Abin da ake yi ke nan a manyan ɗakunan gwaji, kuma ban koya musu ba tukuna.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Sun taɓa biyuret da fifet, da ruwa zalla, ba asid. Biyuret daga sama take ƙirgawa zuwa ƙasa, wannan ya rikita da yawa, wasu suka karanta 23.40 a matsayin 24.60. Na nuna musu riƙon famfo da hannun hagu, dama na juya kwalba, da yadda ake korar kumfar iska daga bakinta kafin a fara. Kowa ya sauke ruwa sau uku ya rubuta da lamba biyu bayan ɗigo. Da biyuret biyu da yara 68, mutum 22 kawai suka samu. Sauran sun roƙi mu dawo Asabar, shugaban makaranta ya ce a ba ni makulli.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na gama makin gwajin ƙarshe jiya da dare. A ɗan gwajin da na yi musu makon farko, 51 cikin 68 sun bar lamba ba sunan awo. Wannan karon 9 ne. Mita kubik har yanzu tana kayar da kusan rabin aji, da ita zan buɗe zango na biyu, da kwali da tanki kamar da. Juya giram zuwa mol ma bai zauna ba, darasi ɗaya ya yi kaɗan. Na rubuta wa ƙungiyar iyaye da malamai takardar neman silinda huɗu da ƙaramin sikeli mai ganin kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin na masu sayar da zinari.

Ina haɗa kaya a akwati wani yaro ya tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse. Ya ce kakansa na da mudun da yake fitar da zakkar fid-da-kai da shi, na gado ne, mudu huɗu ga kowane mutum. Yana so ya san lita nawa yake ci, da kuma giram nawa na gero da na shinkafa, tunda azumi zai kama cikin zango mai zuwa. Na ce ya nemi izinin tsohon tukuna, in ya yarda ya kawo shi Alhamis ɗin farko, a naɗe cikin zane kada ya lotse. Za mu auna shi da ruwa sau uku, sannan da kowane hatsi sau uku, shi zai rubuta da bironsa ya kai wa kakan takardar.